Ɗana Ne, Ina Ruwan Wani?

Akwai wata magana da kunnuwanmu suka saba da ita a duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka shigo gari da akwatunansu na ƙanƙara suna bin gida-gida. Maigida yakan tsaya a bakin zaure ya ce, "Ɗana ne, ni na haife shi, ni nake ciyar da shi, ina ruwan wani?" Ba daga bakin waɗanda ba su yi makaranta kaɗai ake jin ta ba. Ana jin ta daga malamai, da 'yan kasuwa, da dattawan da ba sa fashin Misa ranar Lahadi. Maganar kuwa tana da gaskiya a cikinta, shi ya sa take da wuyar turewa. Ikkilisiya kanta tana koyar da cewa iyaye ne na fari da aka ɗora wa alhakin 'ya'yansu, kafin sarki, kafin gwamnati, kafin Fada. Abin da muke so mu auna shi ne ko wannan iko na uba ya kai har ga ya hana a yi wa ɗansa allurar rigakafi, sa'an nan ya kwanta da lamiri mai tsabta. Ba za mu iya aunawa daidai ba sai mun fara sanin abin da ke faruwa a cikin jikin yaron, gama mutum yana iya kasancewa da kyakkyawar niyya ya yanke mugun hukunci, in bai san yadda al'amarin yake ba.

Kowane ɗayanmu yana zaune ne a tsakiyar ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Suna cikin ruwa da ƙura, suna kan fatarmu, suna cikin hanjinmu. Yawancinsu ba su da lahani, waɗansu ma suna taimakonmu narkar da abinci. Kaɗan ne daga cikinsu ke jawo ciwo, su ne muke kira ƙwayoyin cuta. Fata ita ce katanga ta fari. Majina, da hawaye, da yawu, da ruwan nan mai tsami da ke cikin tumbi, dukansu suna tare hanya. In ƙaya ta soki ƙafa, ko fartanya ta sari yatsa, ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa, nan da nan sai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙera su a cikin ɓargo, su taru a wurin su shiga haɗiye baƙin. Shi ya sa wurin yakan kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi. Mugunyar da ke fitowa daga gyambo, mafi yawanta gawawwakin waɗannan masu tsaro ne da suka mutu a bakin aiki. Kaluluwar da ke fito wa yaro a matsematsi sa'ad da ya ji ciwo a ƙafa, mahaɗa ce inda masu tsaron suke taruwa su hayayyafa. Har zazzaɓin da muke gudu, sau da yawa jiki ne da kansa ya hura wuta domin ya takura wa abokin gaba.

Waɗannan masu tsaro na fari ba sa bambanta wannan cuta da waccan, duk baƙon da suka gani sai su far masa. Akwai runduna ta biyu wadda aikinta ya fi ban mamaki, likitoci suna kiranta ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Kowace ɗaya daga cikinsu siffa guda tak take ganewa, kamar yadda mabuɗi yake buɗe kwaɗo guda, jiki kuwa yana ɗauke da miliyoyin irin waɗannan mabuɗai daban-daban tun kafin ya gamu da cutar. Ranar da ƙyanda ta shiga, sai an nemo 'yan ƙalilan ɗin da suka dace da ita, su yi ta ninkuwa har su zama runduna. Ƙwayoyin B su zuba wa jini waɗansu sinadarai da ake kira antibodi, masu manne wa cutar su hana ta shiga ko'ina, ƙwayoyin T kuma su hallaka wuraren da ta riga ta ɓuya. Matsalar ita ce lokaci. Wannan shiri yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, cuta kuwa ba ta jira. Yaran da muke binnewa a lokacin bazara su ne waɗanda cutar ta riga jikinsu isa. Wanda ya tsira, jikinsa yakan ajiye waɗansu daga cikin rundunar su zauna suna riƙe da kamannin maƙiyin. In ya sake dawowa, cikin 'yan kwanaki an gama da shi, sau da yawa mai jikin bai ma san an yi yaƙi ba.

Kakanninmu sun san wannan ba tare da madubin likita ba, sun san wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Amma tsawon wannan tunawa, a wata ƙasa mai nisa aka auna shi. A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro, can arewacin Turai a tsakiyar teku, ƙarƙashin mulkin Denmak, inda aka yi shekara 65 ba a gan ta ba. Daga cikin mutane kusan 7,800, wajen 6,000 suka kwanta. Wani matashin likita mai suna Peter Panum ya bi ƙauyuka yana bincike, ya iske tsofaffi 98 da suka yi cutar a annobar 1781, babu ko ɗaya da ta sake kamawa. Tsufa ya ci ƙarfinsu, amma jininsu bai manta ba.

Allurar rigakafi hanya ce ta koya wa jiki wannan darasi ba tare da an biya kuɗin karatun da ran yaro ba. Ana nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka kashe, ko wadda aka raunana, ko wani ɓangare nata, ko gubarta da aka cire wa dafi. Jiki ya ɗauka yaƙi ne, ya tara runduna, ya ajiye masu tunawa. Ɗan zazzaɓi da kumburin da yaro yakan yi kwana ɗaya ko biyu bayan allura, alamar wannan shiri ne. Ashe allura ba wani ƙarfi take zuba wa yaro daga waje ba. Abin da Mahalicci ya riga ya dasa a jikinsa take tashewa kafin ranar bukata.

Masu cewa wannan dabarar Turawa ce, ya kamata su ji labarin wani bawa ɗan Afirka da aka kai birnin Boston na Amurka, wanda ubangidansa, wani fasto mai suna Cotton Mather, ya raɗa wa suna Unisimas, watau sunan bawan nan da Bulus Manzo ya yi roƙo dominsa. Shi ne ya nuna wa ubangidansa tabon da ke hannunsa, ya bayyana masa cewa a ƙasarsu ana tsaga fatar mai lafiya a shafa masa ɗan ruwan ƙurjin agana, ya yi ciwon kaɗan, ya tsira har abada. Da agana ta auka wa Boston a 1721, aka gwada. Cikin waɗanda cutar ta kama da kanta, wajen 14 cikin 100 suka mutu. Cikin mutum fiye da 240 da aka yi wa tsagar, 6 kaɗai. Hanyar tana da haɗari, sai a 1796 Edward Jenner na Ingila ya kawo wadda ta fi ta sauƙi, ta amfani da ƙurjin shanu. Dattawanmu da yawa suna ɗauke da lamba a damtse tun daga babban gangamin da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta ƙare a duniya duka. Yaranmu na yau ba su taɓa ganin sabuwar fuska mai zanzana ba, har sunan cutar ma sai an bayyana musu.

Akwai masu cewa mai bangaskiya ba ya bukatar allura, Allah ne mai tsaro. Wannan magana tsohuwa ce, gama a 1722 wani mai wa'azi a Landan, Edmund Massey, ya hau bagade ya ce rigakafin agana zunubi ne, tun da cuta daga Allah take. Ba za mu daɗe a kanta ba. Mai faɗin haka yana ɗaga rumbunsa a kan duwatsu saboda gara, yana kuma kulle ƙofarsa da dare, bai taɓa ganin hakan ya rage masa bangaskiya ba. Littafin Sirak, a sura ta 38, ya umarce mu mu girmama likita, ya kuma nuna cewa Ubangiji ne ya fitar da magunguna daga ƙasa. Sa'ad da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗo, tun da mala'iku za su tare shi, Ubangiji ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Wanda ya bar ɗansa a buɗe ga ƙyanda alhali ga kariya a bakin ƙofarsa, ya duba da kyau ko dogara yake yi ko gwaji.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta "ina ruwan wani". Bari mu fara daga inda kowa ya fara. Babu ɗayanmu da ya shigo duniya da garkuwar kansa. A watanni uku na ƙarshen ciki, antibodin uwa suna ratsa mabiyiya su shiga jinin jariri, ya fito da aron tunawar uwarsa, watau kariya daga cututtukan da ita ta sha ko aka yi mata allurarsu. Dakashi, ruwan nonon nan na fari mai kauri wanda har yanzu a waɗansu gidajenmu ake matsewa a zubar wai don ƙazanta ne, cike yake da irin wannan kariya mai shafe hanjin jariri. Haka kuma allurar da ake yi wa mai ciki saboda cutar sarƙewar haƙora, jaririn ne ya fi cin moriyarta, gama ita ce ke tsare shi in ƙazanta ta shiga ta cibiya. Amma aro ne, yana ƙarewa cikin 'yan watanni. Ana jira sai wata 9 kafin a yi allurar ƙyanda domin in an yi da wuri ragowar kariyar uwa takan kashe allurar kafin jiki ya koyi darasin. Jarirai da yawa kuwa aronsu yakan ƙare tun kafin wata 9 ɗin ya cika. A wannan tsakani babu abin da uwa za ta iya yi, ko da ta fi kowa kula. Abu ɗaya ne ke tsare jaririnta: kada cutar ta iso inda yake.

To, yaya cutar take isowa? Ƙyanda tana tafiya cikin numfashi. Yaro yana fara raba ta kwana 4 kafin ƙurji ya fito, lokacin da kowa ke tsammani mura ce. Ƙwayarta tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, watau tsawon da ya isa a tashi daga Misa ta fari a shiga ta biyu. Cikin mutum 10 marasa kariya da suka shaƙi wannan iska, wajen 9 za su kamu. A garin da babu mai kariya, mai ƙyanda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18. Saboda haka masana suka lissafta cewa sai kusan 95 cikin 100 na jama'a suna da kariya kafin cutar ta rasa hanyar wucewa ta mutu a kan wanda ya kawo ta. Mu duba majami'armu ranar Lahadi, mu ƙirga goyon da ke bayan iyaye mata a layin Zumunta. Mu ƙara da yaran da aka yi wa allurar fari amma ba ta kama ba, gama a wata 9 wajen 15 cikin 100 ba ta kama su, shi ya sa ake yin ta biyu a wata 15. Mu ƙara da masu sikila, waɗanda saifarsu takan lalace tun suna ƙanana, da masu ɗauke da ƙanjamau, da waɗanda tamowa ta rame. Duk waɗannan a bayan 'ya'yan maƙwabta suke fakewa, ko maƙwabtan sun sani ko ba su sani ba. Gurbin 5 cikin 100 ɗin nan da lissafi ya bari, nasu ne. Mai lafiyayyen ɗa da ya ƙi allura ya shiga ya zauna a wurin da aka keɓe wa marasa ƙarfi.

Shan inna ma ya fi ɓoyewa. Kakanninmu sun ba shi wannan suna ne don sun ɗauka wata iska ce ke shanye ƙafar yaro, ba abin mamaki ba ne kuwa, tun da ba su ga yadda yake tafiya ba. Cikin yara wajen 200 da ƙwayar ta shiga, ɗaya ne take shanyewa. Yawancin sauran suna wasa lafiya lau, suna zubar da ita cikin bayan gida, ta bi ruwa da hannu ta isa wani gida. Uba yana iya rantsuwa cewa ɗansa bai taɓa ciwo ba, gaskiya kuwa yake faɗi, alhali ta jikin ɗan nasa cutar ta bi ta gurgunta 'yar maƙwabcinsa, ba kuwa wanda zai taɓa sani. A nan ne maganar take da wuya ga lamiri. Mun saba da zunubin da ake gani, wanda yake da mai ƙara da shaidu. Wannan kuwa ba shi da fuska. Amma tambayar da aka yi wa Kayinu game da ɗan'uwansa ba ta jira sai an sami shaidu ba.

Akwai kuma yaron da kansa. Da muke cewa "ɗana ne", ba irin yadda muke cewa "akuyata ce" ba ne. Amana ce aka ba mu, ba shi kuma da bakin da zai ce a yi masa. In ƙyanda ta zo ba kan uban take sauka ba. Tana makantarwa, tana kurmantarwa, tana buɗe hanya ga ciwon huhu. A 2019 masu bincike sun nuna wani abin da ya fi haka: tana kashe masu tunawar nan na jiki, har yaro ya manta da wani babban kaso na cututtukan da ya riga ya koya, ya koma kamar sabon haihuwa a gabansu. Iyaye mata sun daɗe suna lura cewa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi ta laulayi, ga dalilin.

Duk da haka ba za mu yi adalci ba in muka ɗauka taurin kai ne kaɗai ke sa mutane rufe ƙofa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Ana cikin wannan masifa kamfanin Pfizer ya zo Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, wajen rabinsu aka ba sabon maganin, sauran aka ba wani da aka riga aka sani. 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba, sai dai talaka bai raba su ba, ba ma za mu zarge shi ba. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa an sa maganin hana haihuwa a ɗigon shan inna, ta iske ƙasa a jiƙe. Jihohi da dama suka dakatar, Kano ta yi kusan wata 11, sai a Yuli 2004 ta koma, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo ɗigon daga Indonesiya. Kafin ƙura ta lafa cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, har Yaman da Indonesiyar kanta. Yaran da suka gurgunce a can ba su taɓa jin sunan Trovan ba.

Kada kuwa wani a cikinmu ya ce wannan halin maƙwabtanmu Musulmi ne. A 2014 bishof-bishof na Katolika a Kenya suka yi irin wannan zargi a kan allurar sarƙewar haƙora da ake yi wa mata. Gwamnatin ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya suka musanta, masana kuma suka nuna cewa gwajin da aka dogara da shi ba na auna allura ba ne. Tsoro ba shi da addini. A nan gida ma, sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da limamai, da guragun da shan inna ya shanye suka shiga gari suna nuna ƙafafunsu, su ne suka juyo da hankalin jama'a. Mata 9 masu ɗigon rigakafi aka harbe a Kano a Fabrairu 2013, sauran ba su daina fita ba. A 2016 aka ga shan inna na daji na ƙarshe a Borno, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida cewa Afirka ta rabu da shi. Game da hana haihuwa kuwa, amsar tana zaune a kan bencinmu. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a bakinsu shekara 20 ko 30 da suka wuce, su ne yau suke kawo mana 'ya'ya baftisma, na uku da na huɗu.

Akwai wata tambaya da talakawa suke yi wadda ta cancanci amsa, har yanzu kuwa ba a ba su cikakkiya ba: don me ake kawo ɗigo kyauta har ƙofar gida, alhali in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron, a je asibiti babu magani sai an saya? Wannan kuka ne na gaskiya, mu ma muna yin sa tare da su. Mai neman a amince da shi, bashi ne a kansa ya faɗi gaskiya duka. A gaya wa iyaye cewa allura takan kawo zazzaɓi da kumburi. A gaya musu cewa wajen ɗaya cikin miliyan jikinsa yakan ƙi ta da tsanani nan take, shi ya sa ake so uwa ta ɗan zauna kafin ta tafi. A gaya musu cewa raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon shan inna, in ta daɗe tana yawo a garin da yara da yawa ba su da kariya, tana iya sake yin ƙarfi ta shanye ƙafa, kamar yadda ya faru a jihohin arewa daga 2021 zuwa 2024, cewa kuma abin da ke tare ta shi ne a rufe giɓin da take bi. Mutanenmu ba yara ba ne. Amma uban da ya rufe ƙofa don ya rama wa gwamnati, ya tuna cewa ba ɗan kwamishina ne zai kwanta ba. Mashaƙo, cutar da ke toshe maƙogwaron yaro, wadda yawancinmu muka ɗauka ta zama labari, ta dawo a ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, zuwa farkon 2025 ta kashe fiye da mutum 1,000, mafi yawansu yaran da ba a yi musu allura ba ko ba a kammala ba. A 2023 yaran Nijeriya da ba su taɓa samun ko allura ɗaya ta jarirai ba sun haura miliyan 2, fiye da kowace ƙasa.

Me Ikkilisiya ta ce? A lokacin korona, ranar 21 ga Disamba 2020, ofishin koyarwar bangaskiya na Roma ya fitar da bayani da amincewar Paparoma Faransis. Ya ce bisa ƙa'ida rigakafi abu ne na yardar rai, ba na tilas ba. Ya ce kuma ba lafiyar kai kaɗai ake dubawa ba, har da amfanin jama'a, musamman marasa ƙarfi. Wanda lamirinsa ya hana shi, wajibi ne ya yi iyakar ƙoƙarinsa kada ya zama hanyar cuta zuwa ga wani. A Agusta 2021 Paparoma ya kira karɓar allura aikin ƙauna. Waɗansu sun riƙe kashi na fari na wannan koyarwa suka saki na biyu. Lalle mu ma ba ma ganin hikima a tilastawa, gama inda aka shigo da barazanar kurkuku, yara akan ɓoye su ne a ɗaka, ko a roƙi ma'aikaci ya shafa tawada a yatsa ba tare da ɗigo ba, takarda ta cika, yaro ya zauna a buɗe. Sai dai lamiri ba shi ne abin da mutum ya ji a ransa bayan ya saurari saƙon murya a WhatsApp ba. Lamiri yana da aikin bincike. Uba yana da iko ya tambaya, ya nemi sunan allurar da amfaninta, ya je wurin likita ko Sistar da ya amince da ita, ya jinkirta in yaron yana kwance da ciwo mai tsanani, ya ƙi in likita ya ce jikin wannan yaro ba zai ɗauka ba. Amma ya ƙi tambaya, ya ƙi allura, ya kuma tura yaron cikin jarirai ranar Lahadi, a ganinmu ikon uba bai kai nan ba.

Da iyaye maza muke magana musamman, gama a yawancin gidajenmu uwa ba ta fita sai da izini da kuɗin babur. Tafiyar kuwa ba ɗaya ba ce: ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15. Da yawa sukan fara su tsaya a hanya, musamman in damina ta shigo, alhali waɗansu alluran sai an maimaita su jiki yake riƙe darasin. Wanda ya tsallake ba sai ya koma farko ba, daga inda ya tsaya ake ci gaba, katin nan ne kuwa shaida, ya kamata a ajiye shi inda ake ajiye katin baftisma. Akwai kuma wani ƙaramin abu da katikis da shugabannin Zumuntar Mata za su iya gyarawa. Allurar ƙyanda takan zo ne cikin kwalba mai isar yara 10, in an buɗe ta kuwa sai a zubar da ragowar bayan awa 6. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya, amma ma'aikaci mai tsoron asara yakan ce wa uwar da ta zo ita kaɗai ta dawo wata rana, ita kuwa ta riga ta kashe kuɗin babur, sau da yawa ba ta dawowa. In a ƙarshen Misa aka sanar da ranar allura, aka ƙirga jariran da suka kai wata 9 a ƙauyen, iyayensu suka tafi tare, kwalbar za ta buɗu.